Manomin da Ya Fesa wa Harsasan Ubansa Mai

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ku matso mana, bencin gaba ba ya cizo. Muryata ta tsufa, ba za ta kai bakin ƙofa ba. Masu gyangyaɗi kuma na gan ku, tun ba a fara ba kun fara. Yau misali na kawo muku. Ku kasa kunne, in na gama sai mu warware shi tare.

A wani ƙauye da ke kusa da dutse an yi wani manomi, sunansa Habila. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifinsa, wani dattijo da ake kira Baba Jatau. Da dattijon nan ya rasu bai bar shanu ba, bai bar gidan kwano ba. Abin da ya bari gona ce guda a can gindin dutsen, tafiyar sa'a ɗaya daga gari, da irin masarar da ake shukawa a cikinta, da tsohuwar bindigar da ake tsaron masarar da ita.

Bari in fara da masarar, domin a kanta maganar take. Fara ce, ƙwayoyinta ƙanana, a matse. Ba ruwanta da takin kanti, kashin awaki ya ishe ta. In aka gasa ta ɗanya a bakin gona, wanda ke wucewa a hanya sai ya tsaya ya yi sallama ko ba shi da niyya. Tuwonta kuwa yana kwana bai saki ba. Baba Jatau ya gaje ta daga iyayensa, kuma a ƙauyen duka babu mai ita sai gidansa. Mu da muka tashi a irin waɗannan ƙauyuka mun san irin abincin nan. Ina tuna Lahadin godiyar kaka a majami'armu ta ƙasa mai jinka, lokacin da tsohuwar garma ce ƙararrawarmu, an rataye ta a reshen maina. Mata su shigo da rawa, kowace da ƙwarya a kai, a tara masara da dawa a gaba har mai bishara ya rasa wurin tsayawa. Ƙanshin ɗakin nan har yau yana hancina, kuma in na tuna shi kewa takan kama ni. To, bari in koma, kada in ɓace muku.

A kan dutsen nan akwai gwaggon birai, garke guda. Wanda bai taɓa noma kusa da su ba bai san ɓarna ba. Ba cin da suke yi ne ke kashe manomi ba. Biri zai karya goyon masara, ya gatsa sau ɗaya, ya jefar, ya kama na gaba. Garke ɗaya kan kwantar da gona kafin rana ta take.

Baba Jatau yana da yadda yake yi da su. Kowace shekara, da zarar masara ta yi goyo, sai ya ɗauki bindigarsa, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi ɗaya, ya tafi gona da hantsi. Ya tsaya a kan wata suri, ya ɗaga bakinta sama, ya saki harbi ɗaya. Dutse ya amsa, ya sake amsawa. Shi ke nan. Bai taɓa kashe biri ko ɗaya ba, amma daga ranar har a yi girbi ba su saukowa. Yana da takardar izinin bindigar, kuma bayan 'yan shekaru yakan je birni ya sayo harsasai, jajaye, jikinsu na takarda mai kauri, gindinsu na tagulla. Yana ajiye su cikin wani tsohon gwangwanin alewa, a naɗe da busasshen tsumma, a can bisa katanga ƙarƙashin jinka.

Akwai kuma wani abu da dattijon yake yi, ku riƙe shi. Ran da zai gyara bindiga, yakan shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya kawo kwalbar man gyaɗa da gashin kaza guda. Ya tsoma gashin, ya bi ƙarfen a hankali, lungu-lungu, yana ɗan rera waƙar sujada ta hanci. In ya gama sai ya kira matarsa ta kawo ruwa da toka da sabulun salo. Ya wanke hannu sau biyu, ya shanya su a rana har su bushe ƙarau. Sai bayan haka ne zai miƙa hannu ya sauko da gwangwanin harsasai. Habila ya ga wannan tun yana ƙarami har ya yi gemu, bai taɓa tambaya ba. A ganinsa tsabtar tsofaffi ce kawai, irin ta mutumin da ba ya son maiƙo. Shi ma dattijon bai taɓa cewa komai ba, mutum ne marar yawan magana.

Da Baba Jatau ya rasu, aka gama zaman makoki, Habila ya sauko da gwangwanin ya buɗe. Harsasai tara ne a ciki. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu, ya ce a ransa, hannun Baba ne na ƙarshe da ya taɓa wannan. Sai hawaye. Habila yana ƙaunar mahaifinsa ƙwarai, kada kowa ya ce ba haka ba.

Damina ta zo, masara ta yi goyo. Habila ya ɗauki bindiga ya je gona, ya hau surin nan, ya sa harsashi. Ya ɗaga sama, sai ya kasa. Ya ce in na harba wannan saura takwas, baɗi bakwai, wata rana in wayi gari babu abin Baba ko ɗaya. Ya cire harsashin ya mayar aljihu. A maimakon haka ya rataya gwangwanaye a igiya, iska tana kaɗa su. Shekarar nan birai ba su sauko ba, domin tsoron tsohon yana jikinsu tukuna. Habila ya ce, ashe ma ba sai an harba ba. Shekara ta biyu ma haka. Daga nan bindiga ta zama kayan kallo.

Haka ya yi da masarar ma. Maƙwabta sukan zo su ce, "Habila, ɗan sam mana irin nan ko cikin hannu ne." Sai ya ce, "Ku yi haƙuri, abin Baba ne, ba ya fita gidan nan." Har mutane suka gaji suka daina roƙo.

A shekara ta uku, ran kasuwa, Habila ya kai kekensa wurin mai gyara, sarƙa ta yi tsatsa tana ƙara. Mai gyaran ya ɗauko wani gwangwani mai siririn bututu a baki, ya danna kansa. Fuuu! Wani mai ya fito kamar hazo. Nan take sarƙar ta yi laushi, ƙarar ta ɗauke. Habila ya riƙe baki.

"Wannan fa mene ne?"

"Man feshi ke nan," in ji mai gyara. "Duk inda tsatsa ta shiga, shi ma sai ya shiga. Ko ramin da allura ba ta wucewa, wannan zai bi."

Gaskiya ya faɗa, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Habila ya sayi gwangwani guda ya kai gida. Kun san halinmu in muka sami sabon abu. Ya fesa wa kwaɗon ƙofa, ya buɗe da kansa kamar ana roƙonsa. Ya fesa wa injin niƙan matarsa Liyatu. Ya fesa wa almakashi, ya fesa wa tocila, da akuya ta tsaya kusa, da ita ma ta samu. Sa'an nan ya sauko da bindigar Baba ya fesa mata, ya goge, ta yi ƙyalli irin wanda man gyaɗa bai taɓa ba ta ba. Har nan dai babu laifi.

Sai ya buɗe gwangwanin alewa. Ya ga gindin harsasan ya fara yin kore-kore saboda daɗewa. Ransa ya sosu. Ya ce, haba, ina raye abin Baba zai lalace? Ya jera su tara a kan buzu, gindi sama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da feshi har mai yana gangarowa a jikin takardar. Ya goge da tsumma, tagulla ta fito sai ka ce yau aka ƙera ta. Ya naɗe su cikin tsumman nan mai maiƙo, ya rufe gwangwani. Daga ranar, duk farkon wata sai ya yi haka. In baƙo ya zo yakan fito da su ya nuna masa, baƙon ya ce, "Kai, madalla da ɗa! Jatau ya bar magaji." Habila ya ji daɗi har cikin ransa.

Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tana nan da rai, ta tsufa, idonta ya rage gani amma hancinta lafiya lau. Wata rana tana zaune a inuwa tana tsince wake, ta ji warin man. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, me kake zuba wa 'ya'yan bindigar nan?"

"Mai ne, Iya, don kada su yi tsatsa."

"Mahaifinka bai taɓa haɗa su da mai ba. Sai ya wanke hannu ma kafin ya taɓa su."

"Don me yake wankewa, Iya?"

Tsohuwa ta juya waken da ke cikin faifai. Can ta ce, "Oho. Ni dai ruwa nake kawo masa."

Habila ya yi dariya ya ce, "Ai a zamaninsu babu irin wannan man. Da Baba ya gan shi, da ya fi ni fesawa." Iya Tabawa ta ci gaba da tsintar wakenta.

Shekara huɗu yana wannan hidima. A shekara ta bakwai da rasuwar dattijo, damina ta zo da wasa. Ruwan fari ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita ya yi shuka. Sai sama ta ɗauke kwana ashirin da wani abu, tsiron ya ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo, Habila ya sauko da ragowar irin da ke rataye a bisa murhu, inda hayaƙi ke tsare shi daga ƙwari. Ya ɓare, bai cika ƙwarya ba. Liyatu ta ce, "Maigida, a rage ko goyo biyu ne a ajiye." Ya duba gonar da ke jiransa, ya duba ƙwaryar, ya ce ba zai isa ba in an rage. Suka shuka duka. Yanzu fa duk masarar Baba Jatau da ta rage a duniya tana cikin ƙasar gonar nan.

Allah ya yi wa shukar albarka. Ta tashi kore shar, ta fi mutum tsawo, ta yi goyo bibbiyu. Ƙwayar tana ruwa-ruwa tukuna, sai an ƙara mako uku kafin ta ƙosa ta isa iri. A shekarar ne kuma mutanen bayan dutse suka sare dajin da ke wancan gefe suka yi gonaki, birai suka rasa abinci a can. Tsofaffin garken da suka san ƙarar bindigar Jatau kuwa duk sun mutu. Waɗanda suka taso ba su taɓa jin ta ba.

Ran wata Talata da hantsi, Habila da Liyatu suna cikin gona suna cire ciyawa, sai suka ji haushi daga kan dutse. Suka ɗaga kai. Ga su nan suna gangarowa, manya da ƙanana, wasu da 'ya'ya a baya, wani ƙaton namiji a gaba. Liyatu ta kama gwangwani tana bugawa tana ihu, ko a jikinsu. Habila bai tsorata ba. Tun da masara ta yi goyo yake zuwa da bindigar, ga ta nan jingine a bukka, harsasan kuma suna cikin jaka. Ya ce wa matarsa, "Toshe kunnenki. Yau za su ji muryar Baba."

Ya hau suri, ya karya bindiga, ya sa harsashi mai ƙyalli, ya ɗaga sama, ya ja kunama.

Ƙas!

Ƙarar ke nan, kamar an karya tsinke. Ya tsaya jim, ya ce wataƙila wannan ne ya tsufa. Ya cire ya sa na biyu. Ƙas! Na uku, ƙas! Gumi ya keto masa. Na huɗu ya yi wani ɗan tari, hayaƙi kaɗan ya fito, ƙwayoyin dalma suka zubo a gabansa. Ƙaton birin nan ya zauna a kan dutse yana kallonsa, yana susar ciki. Habila ya bi sauran biyar ɗin, yana cewa, "Ya Ubangiji, ko ɗaya, ko ɗaya kawai." Babu wanda ya tashi.

Biri ba wawa ba ne. Da suka ga sandar nan ba ta magana, sai suka faɗa gonar gaba ɗaya. Habila ya yi jifa, ya yi ihu har murya ta dushe. Ya kore su nan, su ɓullo can. Da ya matsa kusa, ƙaton ya buɗe masa haƙora, dole ya ja da baya, ya riƙe Liyatu kada ta shiga. Suna tsaye suna ji ana karya masara, ɓas, ɓas, ɓas. Washegari mutanen gari suka zo taimako da karnuka da sanduna, amma kowa yana da tasa gonar da zai tsare, kuma babu mai bindiga a cikinsu. Birai sun riga sun ɗanɗana. Kwana uku suka yi suna dawowa, a na huɗu babu abin da za su dawo wa.

Habila ya bi gonar yana tsintar abin da suka jefar. Ya sami 'yan goyo da ba a gatsa ba, ya kai gida ya shanya, yana fata. Amma ɗanya ce, ba ta ƙosa ba, ta bushe ta motse. Da damina ta zagayo ya shuka ta a bayan ɗaki, ya yi ta ba ta ruwa da hannu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. Ya zaga ƙauye gida-gida ko wani yana da ita, alhali ya san amsar, tun da shi ne ya hana su.

Amma kafin wannan, a makon ɓarnar, ya kwashi harsasan ya kai wa Baba Dogara maƙeri, abokin mahaifinsa tun suna samari. Ya zube su a gabansa ya ce, "Baba, an cuci mahaifina. Harsasan banza aka sayar masa."

Maƙerin ya ɗauki ɗaya, ya murza da yatsa, ya kai hanci. Ya dubi Habila ya ce, "Wa ya ba su mai?"

"Ni ne. Kowane wata, ban taɓa fashi ba."

Tsohon ya girgiza kai. Ya sa wuƙa ya tsaga takardar ɗaya daga gefe a hankali, ya zazzage a kan dutse. Albarushin da ya kamata ya zubo kamar yashi ya fito a dunƙule, kamar jiƙaƙƙiyar kuka. Ya nuna masa ɗan idon da ke tsakiyar gindin tagulla ya ce, "Ka ga wannan? Nan ƙusar bindiga ke duka, nan wuta ke tashi. Abin da ke cikinsa bai kai ƙwayar gero ba, kuma ba ya shiri da mai ko kaɗan. Man nan naka an yi shi ne don ya bi kowace kafa. Ya bi ta gefen idon ya shiga, takarda kuma ta sha nata. Na zamani da ake liƙe bakinsu sukan ɗan jure, amma su ma ba mai suke so ba, bushewa suke so. Mai na ƙarfen bindiga ne. Ba ka ga ubanka yana wanke hannu ba?"

Habila ya ce, "Na gani."

"To?"

"Ban tambaya ba. Shi ma bai faɗa ba."

Baba Dogara ya ajiye wuƙar. Sa'an nan ya ce, "Haka Jatau yake, Allah ya ba shi hutawa. Da ka bar su da korensu, ɗana, da sun tashi. Da ma kana harba ɗaya kowace shekara, da tun tuni ka gane." Ya ce masa ya haƙa rami mai zurfi nesa da gida ya binne su. Habila ya zauna a ƙasan maƙera ya yi kuka kamar ran da aka binne mahaifinsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi, kowa ya ɗauki nasa.

Harsasan nan bangaskiyar da muka gada ce. Yawancinmu a nan ba mu sha wahalar samunta ba. Iyayenmu ne suka yi tafiyar ƙasa zuwa ajin baftisma, su aka yi wa dariya, su suka koyi karatu da tsufansu don su karanta Maganar Allah da idonsu. Mu a gwangwani muka same ta, a naɗe. Muna kuwa ƙaunarta, ban ce ba ma ƙauna ba. Amma da yawanmu irin ƙaunar Habila muke yi mata. Muna fito da ita ran Lahadi, mu goge, mu nuna wa baƙi, a ce madalla, ɗan wane ne, kakansa ne ya kafa majami'ar nan. Sai mu mayar bisa katanga sai wani mako.

Man feshi kuwa ba mugun abu ba ne, ku ji ni da kyau, kada wani ya je gida ya zubar da nasa ya ce malam ne ya ce. Ya gyara keke, ya gyara kwaɗo, ya gyara bindigar kanta. Laifinsa ɗaya, an kai shi inda ba wurinsa ba. Haka kyakkyawan suna yake, da yabon mutane, da anko na zumunta, da kujerar dattijo a gaba. Suna da amfaninsu a waje, ni ma ina son a gaishe ni da ladabi. Amma abubuwa ne masu bin kafa. A hankali suke shiga, wata bayan wata, har su kai can ciki inda wuta take, inda mutum ke durƙusawa shi kaɗai a gaban Ubangiji ba mai ganinsa. In suka kai nan, sai ka tarar mutum yana addu'a don a ji muryarsa, yana bayarwa don a kira sunansa. Daga waje babu mai ganewa, har ma ya fi na kusa da shi ƙyalli. Shi kansa bai sani ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Yaya za a yi mutum ya sani? Sai ya yi aiki da ita. Baba Jatau yana harba ɗaya kowace shekara, bai jira birai sun sauko ba. Kai ma kada ka jira babbar rana. Ɗan'uwanka ya ɓata maka rai a kan iyakar gona, gwada gafartawa ka gani ko za ta tashi. Ke kuma, maƙwabciyar nan da kika yi wata uku ba ki gaishe ta ba, kin san ta, ba sai na duba wajenki ba. In ka ja ka ji ƙas, gode wa Allah da ka ji shi yau, da sauran lokacin tuba. Gwaji yana zuwa wa kowane gida, ciwo ne ko rashi ko jaraba, kuma ba ya aiko da saƙo. Ranar ba ranar gyara ba ce.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi, domin da ni take. Na daɗe ina jin haushin Habila, amma da na tsufa sai na fara jin haushin Baba Jatau. Mutumin kirki ne, ya san gaskiya, ya yi ta a gaban ɗansa shekara da shekaru. Me zai rage shi in ya buɗe baki sau ɗaya ya ce, zo ka ji dalili? Mahaifina ma haka yake. Kowace safiya kafin ya ɗauki fartanya sai ya durƙusa a bakin gado, na gan shi sau dubu, bai taɓa gaya mini abin da yake faɗa wa Allah ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya. Yau da zan sami rabin sa'a da shi, da na ba da duk abin da na mallaka. Ni kuma na zo na yi wa nawa 'ya'yan haka. Sun ga ina zuwa sujada, sun ga ina rufe ido kafin in ci abinci. Ban tabbata na taɓa zaunar da su na gaya musu abin da Mai Ceto ya yi mini ba, da bakina, a matsayin ubansu. Suna birni yanzu, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai.

Masarar kuwa, ita ce abin da aka ba mu bangaskiyar domin mu tsare: gidajenmu, da 'ya'yanmu, da ƙaunar da ke tsakaninmu. Ba a ba Habila bindiga don ya yi ado da ita ba. Ya tsare abin tsaro, abin da ake tsarewa ya tafi. Da ya buɗe hannu ya ba maƙwabta iri, da ko bayan ɓarnar ya sami inda zai roƙa.

Habila ya rayu har ya tsufa. Bai mutu da yunwa ba, ya sayi irin kanti kamar kowa, ya noma, ya ci. Wata rana jikarsa, budurwa, ta zo hutu daga makaranta. Ta ji tsofaffin mata a wurin suyar biki suna ta zancen masarar gidan Jatau, wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza. Ta dawo gida ta same shi a zaure ta ce, "Kaka, wai masarar nan da ake ta faɗa, yaya ɗanɗanonta yake?"

Ya buɗe baki zai gaya mata. Ya ce tana da zaƙi, sai ya ga ba haka ba ne. Ya ce tana da ƙanshi, ta ce kamar na me? Ya duba hagu, ya duba dama, babu abin da zai miƙa mata ta sa a baki. Ya ce, "Da kin zo da wuri, da kin ci." Yarinyar ta ce to, ta tashi ta koma wurin ƙawayenta.

'Yan'uwa, naku jikokin ma za su tambaya. Wasunku yau da rana za ku ci abinci da su a kwano ɗaya. Kada ku bari sai sun tashi.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.